Wata Goma Sha Takwas a Kan Leda: Nazarin Lamarin Wata Mai Yoyon Fitsari

Wannan bayanin abin da ya sami wata yarinya ne a wani ƙauye na arewa maso yammacin Nijeriya, tun daga daren da naƙuda ta kama ta a Fabrairun 2023 har zuwa duba ta ƙarshe da aka yi mata a Fabrairun 2025. An sakaya sunanta da na ƙauyensu da na asibitocin da ta je. Kuɗaɗen da aka ambata daga bakin mahaifinta da yayanta suke. Ba su adana rasit ko ɗaya ba, amma ba su manta da abin da suka sayar ba.

Asali: kafin 2023

Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya tara. Mahaifinta manomi ne mai gona biyu, ɗaya ta tudu da ake shuka gero da wake, ɗaya 'yar fadama da ake yin albasa da rani. A shekara mai kyau hatsin gidan kan kai su wata takwas, sauran wata huɗun kuma sai awo. Babban yayanta yana acaɓa a wani birni na kudu, shi kaɗai ne mai asusun banki a gidan.

An yi mata aure a 2021 tana da shekara 16, ba ta yi boko ba sai allo. Ta samu ciki a tsakiyar 2022. Ta je awo sau ɗaya, cikin yana wata shida, a ƙaramin asibitin mazaɓarsu mai nisan kilomita 9. An ba ta maganin ƙarin jini da gidan sauro. An auna tsawonta aka rubuta santimita 148, ma'aikaciyar kuma ta ce mata ta zo asibiti ta haihu. Ba a faɗa wa mijinta ko iyayenta wannan magana ba, ita ma ba ta faɗa ba, domin cikin fari ne kuma ba a san mai cikin fari da buɗe baki a kan cikinta ba. Da ya kai wata takwas aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki.

Babban asibitin da ke iya yin tiyata yana da nisan kilomita 47 daga ƙauyen. Kilomita 15 na farko hanyar burji ce da ta ratsa daji, kuma tun 2021 ba mai bin ta bayan magariba saboda 'yan bindiga. Haihuwa a gida ba baƙon abu ba ne a yankin. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne na haihuwa ake yi a asibiti a faɗin Nijeriya, a arewa maso yamma kuwa kusan kashi 16. Mahaifiyarta ta haifi tara duk a ɗaki.

Makon farko na Fabrairu 2023: kwana uku ana naƙuda

Naƙuda ta fara ranar Talata bayan isha'i. Ta yi shiru da ita har asuba. Da safiyar Laraba aka kira ungozoma, ta duba ta ce kai ya sauko, a jira. Aka kawo rubutu ta sha, aka yi tofi. Faya ta fashe da azahar. Zuwa la'asar ɗin Laraba ta yi kusan awa ashirin tana abu ɗaya, fitsari kuma ya ƙi fita.

A nan ne aka fara maganar asibiti, a nan kuma maganar kuɗi ta shigo. Makon ya faɗa a tsakiyar canjin kuɗi. Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022 cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffi ranar 31 ga Janairu, sannan ya ɗage zuwa 10 ga Fabrairu. Mahaifinta yana da naira 11,000 tsofaffi a ajiye. Mai motar ƙauyen ya ce gidan mai ba ya karɓar tsofaffi, kuma ko da sababbi ne ba zai bi dajin da dare ba. Yayanta ya turo naira 50,000 ta waya zuwa asusun mai POS na garin da ke kusa, amma sabis ya ɗauke, saƙon bai shiga ba sai washegari.

Daren Laraba ya wuce a gida. Mahaifiyarta ta ce tun tsakar daren nan yarinyar ta daina jin motsin ɗan.

Da safiyar Alhamis aka ɗora ta a babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya yana riƙe da ita, zuwa ƙaramin asibitin mazaɓa. Ma'aikaci ɗaya suka tarar, jami'in lafiya na al'umma, ba ungozomar asibiti. Ya sa mata ƙarin ruwa, ya rubuta takarda ya ce a wuce da ita babban asibiti yanzu-yanzu. Motar asibitin tana nan, ba mai a cikinta. Mai POS ya ba da naira 40,000 a hannu daga cikin 50,000 ɗin, ya cire 10,000 ladansa, kamar yadda kowa ke cirewa a makon. An yi shatar mota a naira 18,000. Sun isa babban asibiti ana kiran magariba, awa 46 ke nan da fara naƙuda.

A babban asibiti: kwana biyar

Likita ya tabbatar ɗan ya mutu kuma kansa ya cije a ƙugu, sai an yi tiyata. Aka ba mahaifin jerin abin da zai sayo: safar hannu, zaren ɗinki, ƙarin ruwa, allurai, da jini leda biyu. Jimillar kuɗin asibiti ta kai naira 71,000, a hannunsa kuma 22,000 suka rage ban da tsofaffin da ba mai karɓa. Ya kira gida aka kai awaki biyu wurin wani mai sababbin kuɗi. Awakin da za su yi naira 40,000 a watan Disamba aka saye su 24,000, saboda a wancan makon mai kuɗi a hannu shi ke yanka farashi. Duk da haka ba su isa ba. Ta waya ya jinginar da fadamar a kan naira 60,000 ga wani ɗan kasuwar hatsi, wanda ya turo kuɗin kai tsaye zuwa kantin maganin da ke bakin asibiti. An shiga da ita tiyata bayan sha biyun dare. Namiji ne.

An sa mata robar fitsari. Likitan ya ce a bar robar aƙalla sati biyu, domin wadda ta yi doguwar naƙuda irin wannan mafitsararta ta wahala. Dalilin kuwa shi ne, idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara da bangon gaba a jikin ƙashin mara, jini kan daina zuwa wurin, naman ya mutu. Ba a ganin ɓarnar nan take. Sai bayan kwana uku zuwa goma mataccen naman ke zubewa ya bar rami, fitsari ya riƙa bi ta nan ba tsayawa. Idan roba tana ciki tana kwashe fitsarin, mafitsara na samun hutu, kuma wasu ƙananan ramuka sababbi kan haɗe da kansu in aka bar ta sati huɗu zuwa shida.

A rana ta biyar mahaifin ya nemi sallama. Kuɗin gado da magani da abincin mutum uku na cin kusan naira 4,000 kullum, abin da ya rage kuma yana so ya kai su gida. Ya dangwala yatsa a takardar cewa da kansa ya fitar da ita. An cire robar kafin su tafi, saboda ba wanda zai kula da ita a ƙauye. Ba wanda ya ambaci kalmar yoyon fitsari a gabansu, ko kuma an ambata ba su riƙe ba. Mahaifin ya ce shi dai abin da ya ji shi ne a dawo cire zare.

Kwana biyu da komawa gida ta farka ta ga tabarma a jiƙe. Ƙafarta ta dama kuma tana ja, ba ta iya ɗaga tafin, saboda jijiyar da kan jaririn ya danne.

Maris zuwa Mayu 2023: maganin gida

Da farko an ɗauka sanyi ne ko raunin jego, zai wuce da wankan ruwan zafi. Aka yi arba'in bai wuce ba. Jami'in ƙaramin asibiti da ya cire zaren ya ba ta maganin sanyin mara na kwana bakwai. Mai kemis na garin ya ƙara wasu ƙwayoyi da allurai sau uku, naira 12,000 gaba ɗaya. Daga nan aka koma ga na gargajiya: zama cikin ruwan bagaruwa, saiwoyi na jiƙawa, hayaƙi, da wani mai magani da ya ce iska ce ta shige ta a hanyar daji ranar da aka ɗauke ta a babur. Shi wannan ya karɓi zakara da naira 15,000. Duka abin da ya tafi a wannan fanni cikin shekarar ya kai naira 46,000, akasarinsa daga kuɗin acaɓar yayanta. Ba a taɓa biyan kuɗin a dunƙule ba, dubu biyu ne yau dubu biyar wani sati, shi ya sa ba wanda ya lura da yawansu sai da aka zauna lissafi daga baya.

Ita kuma ta samo nata maganin: ta rage shan ruwa. Kofi ɗaya ko biyu a yini. Yoyon bai tsaya ba, sai dai fitsarin ya yi kauri, warinsa ya ƙaru, ya riƙa ƙona mata cinyoyi har suka yi gyambo. Aka shimfiɗa mata leda a ƙarƙashin tabarma, aka yayyanka tsofaffin zannuwa tana ƙunzugu, tana wanki sau uku a yini a gidan da ake ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa. Sabulu ya zama wani sabon kashe kuɗi na kullum. Ta daina cin abinci a kwano ɗaya da ƙannenta, ba don an hana ta ba.

Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Maris. Ta daina salla gaba ɗaya, a zatonta ba ta da tsarki. Wata uku tana haka kafin malamar Islamiyyar matan aure ta ji labari ta zo ta faɗa mata cewa mai yoyon da ba ya tsayawa tana da rangwame a fiƙihu, ta yi alwala ta yi sallarta. Mahaifiyarta ta ce a duk abin da aka yi mata a wannan shekara, wannan ne kaɗai ya sa ta fito tsakar gida.

Mijin ya zo sau biyu. Ya ce ta zauna a gida har ta warke.

Yuni zuwa Nuwamba 2023: tafiya biyu

Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Kuɗin motar kasuwa daga ƙauyen zuwa garin babban asibiti ya ninka fiye da biyu. Damina kuma ta sauka, rumbu ya kusa ƙarewa, fadamar da ke kawo kuɗin rani tana hannun wani.

A Yuli mahaifiyarta ta matsa aka koma babban asibitin. Tafiyar tana da wata wahala da ba a rubuta ta a kati: direba ya ƙi ɗaukarta a cikin mutane sai an biya kujera biyu, aka shimfiɗa leda. A asibitin aka duba aka ce yoyon fitsari ne, ana gyarawa, amma ba su da likitan da ke yin aikin. Wata tawaga kan zo lokaci-lokaci ta yi wa mata aiki kyauta. Aka rubuta sunanta da lambar wayar wani maƙwabci. Tafiyar ta ci naira 9,000.

A Satumba takardar saki ta iso.

A Oktoba aka kira lambar maƙwabcin. Yana gona ana yankan gero, wayar kuma ba caji kwana biyu. Saƙon ya iso gidan a rana ta huɗu. Suka ari kuɗi suka tafi washegari, suka tarar tawagar ta cika adadin da za ta yi, ana shirin tafiya. Mata da yawa ne aka mayar a ranar. Sun kwana a harabar asibiti ko za a samu gurbi, ba a samu ba. Naira 14,000. Mahaifin ya ce ba zai ƙara kai ta ko'ina ba sai ya ga wadda aka yi wa aikin ta warke da idonsa.

Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2024: neman tallafi

A takarda, akwai abubuwan da aka tanada domin irin wannan gida. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, wani ɓangarensa kuma na biya wa marasa ƙarfi inshora ne. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. A Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rabon naira 25,000 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15.

Yayanta ya dawo gida a Nuwamba ya bi sawun duka. A ƙaramin asibitin mazaɓa aka ce gurbin marasa ƙarfi da aka ware wa mazaɓar ya cika tun bara, sai an ƙaro. Rabon kuɗi kuma yana bin rajistar gidaje marasa ƙarfi, ana kuma neman lambar shaidar ɗan ƙasa ko ta banki. Masu rajista sun taɓa zuwa garin, ba su shiga ƙauyen ba saboda hanya. Ita ba ta da lambar, mahaifiyarta ma haka. Ya kai su hedikwatar ƙaramar hukuma a yi musu. Zuwan farko ba wuta, na biyu aka ɗauki hoto aka ce a dawo karɓar takarda. Naira 6,000. Kafin takardar ta fito, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a domin bincike. Gidan bai ga ko kwabo ba.

Abin da ya shigo hannu a wannan tsakani shi ne tiya goma ta gero daga zakkar wani manomi, da sabulu da wata gwaggo ke aikowa duk ranar kasuwa.

Afrilu zuwa Yuli 2024: yadda labari ya iso

Bayan ƙaramar salla wata mata ta zo suna ƙauyen daga wani gari. Ta ji ana maganar yarinyar, ta nemi a kai ta ɗakin. Ita ma ta yi shekara huɗu tana yoyo kafin a yi mata aiki, bayan nan ta sake aure har ta haihu ta hanyar tiyata, ɗan yana goye a bayanta. Ta zauna a kan tabarmar yarinyar ba ta toshe hanci ba. Sannan ta nemi ganin mahaifin, ta durƙusa ta ce: "Baba, ni ce shaida. Ba a karɓi ko sisi ba a wurin aikin. Kuɗin mota kawai za ku nema, da abin da Inna za ta ci."

Abin da ta sani, wanda gidan bai sani ba wata goma sha huɗu, shi ne akwai asibitocin da wannan aiki ne sana'arsu kullum, ba sai an jira tawaga ba. Gwamnatin tarayya na da cibiyoyin gyaran yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, da Ningi a Bauchi, da Abakaliki a Ebonyi. Akwai cibiyar Laure a Kano, da sashen da Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ke tafiyarwa a Jahun ta Jigawa, a Nijar kuma akwai ta Danja kusa da Maraɗi. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu yana wannan aiki a Katsina da Kano yana kuma horar da likitoci. Cibiyar da ta fi kusa da ƙauyen tana da nisan kilomita 190. Matar ta faɗi tashar da za a hau, inda za a sauka a canja mota, da ranar da ake karɓar sababbi.

An yi lissafi: naira 22,000 kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, naira 15,000 guzuri. Ba a same su nan take ba. Mahaifiyarta tana cikin wani adashin mata goma sha biyu, kwasarta sai Oktoba. Uwar adashi ta shawo kan wadda ke da kwasar Yuli suka yi musaya. Malamar Islamiyya ta tara ragowar a wurin ɗalibanta. Wata uku aka ɗauka kafin naira 37,000 su haɗu.

Yuli zuwa Agusta 2024: aiki

Sun isa a tsakiyar Yuli. An duba ta washegari. Aka zuba ruwa mai shuɗi ta roba cikin mafitsara, ya fito ta ramin: rami ɗaya ne, faɗinsa kusan santimita 3, kusa da wuyan mafitsara, da tabo matsakaici. Babu yoyon bayan gida. Amma ba a yi aikin nan take ba. Ma'aunin jininta kashi 24 ne cikin ɗari, ana son ya kai 30. Nauyinta kilo 39. Cinyoyinta duk gyambo. Aka sa ta a maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki, da man shafawa, aka kuma umarce ta ta sha ruwa lita huɗu zuwa biyar a yini. Wannan umarnin ta fi jin nauyinsa, domin shekara ɗaya da rabi tana gudun ruwa. Matan ɗakin ne suka sa ta a gaba, kowacce da jarkarta.

Jiran ya ɗauki kwana 24. Cibiyar tana ciyar da majinyata, ba ta ciyar da masu jinya, guzurin mahaifiyar kuma na sati biyu ne. Ya ƙare daidai lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta, aka sa dokar hana fita a jihohi da dama na arewa. Uwar ta ce za su koma gida su dawo bayan kaka. Wata nas ta hana, ta haɗa ta da ma'aikaciyar jin ƙai ta cibiyar. A watan Yuni na shekarar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara wani shiri na ɗaukar nauyin masu yoyon fitsari, wanda ban da aikin ya haɗa da abinci da kuɗin mota. Aka shigar da ita. A nan lambar shaidar ɗan ƙasar da aka sha wahalar yi a Nuwamba ta yi amfani karo na farko.

An yi aikin a mako na biyu na Agusta, da allurar ƙashin baya, aka bi ta cikin gabanta, ba a sake yanka ciki ba. Bai kai awa biyu ba. Roba ta zauna kwana 14. Da aka cire aka maimaita gwajin shuɗi, bai fito ba. Ta kwana a kan katifa busasshiya, wata goma sha takwas bayan daren farko. An koya mata motsa ƙafar da ke ja da matse tsokar mara. An sallame ta da sharuɗɗa uku a rubuce: ba kwanciyar aure har wata shida, a jinkirta ɗaukar ciki, duk cikin da za ta yi nan gaba kuma tiyata za a yi mata kafin naƙuda ta fara.

Satumba 2024 zuwa Fabrairu 2025

Ta koma a duba ta a Nuwamba, da kuɗin motar da aka mayar musu. Ramin a rufe yake. Fitsari kan ɗan zubo idan ta yi tari ko ta ɗauki tulu, abin da ke yawan saura ga waɗanda raminsu ya taɓa wuyan mafitsara. A Fabrairun 2025 wannan ya ragu sosai, nauyinta ya kai kilo 46, jinin al'ada da ya ɗauke tun haihuwar ya dawo, ƙafar kuma sai mai lura zai gane. Tsohon mijin ya aiko a yi maganar kome a Disamba. Mahaifin ya ce a bari wata shidan su cika, ita kuma ta ce ba ta so.

Abin da lissafin ya nuna

Aikin da ya warkar da ita kyauta ne, kuma kyauta yake tun ranar da yoyon ya fara. Kuɗin isa wurinsa naira 37,000 ne a farashin 2024, da a Afrilun 2023 aka tafi da bai kai rabin haka ba. A tsakani gidan ya kashe naira 87,000 a kan abin da bai yi magani ba: 46,000 na gargajiya, 12,000 kemis, 23,000 tafiya biyu, 6,000 neman lamba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce talauci ya hana su biya, kawai a tsaya nan. Sun biya fiye da ninki biyu. Abin da talauci ya yi musu shi ne ya hana su tara kuɗi a dunƙule, ya tura su ga mai karɓar dubu biyu-biyu a bakin ƙofa, ya kuma nisanta su da wanda ya san hanya. Mai kemis da mai magani suna karɓar biya kaɗan-kaɗan, direban mota ba ya karɓa.

Masana lafiyar mata tun 1994 suke magana a kan jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawara, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duka ukun sun faru a nan, amma rabonsu bai zo daidai da yadda aka saba ɗora laifi ba. Kunya da jiran ungozoma sun ci awa ashirin. Awa 26 da suka biyo baya, da shida na jiran kayan tiyata, an riga an yanke shawarar zuwa asibiti, hanya da takardar kuɗi da tankin mota ne suka riƙe su. A cikin waɗannan awanni ɗan ya daina motsi.

Wurin da ya fi ba ni takaici shi ne rana ta biyar a babban asibiti. Kwana tara suka rage robar ta cika sati biyu, kusan naira 36,000 a lissafin mahaifin. Ramin santimita 3 mai yiwuwa da bai haɗe da roba kaɗai ba. Amma da sun zauna, da yoyon ya ɓullo a gaban likita, da an kira shi da sunansa, da an rubuta musu inda za su je. Ko da an sallame su, rabin takarda mai sunan cibiya da ranar karɓar sababbi da ta rage shekara guda. Asibitin ya sake samun wannan dama a Yulin 2023, ya rubuta sunanta a jerin jiran tawaga maimakon ya tura ta. Bayanin da ya warware lamarin ya zo ne daga bakin matar da ta zo suna.

Shirye-shiryen tallafi uku aka nema, ɗaya ya yi aiki, shi ne wanda ya same ta a kan gadon asibiti, ma'aikaciya ta cike mata takarda. Biyun da suka buƙaci ta je ta neme su da lamba da kuɗin mota ba su iso ba. Kuma ba don adashi da musayar kwasa ba, da ba ta kai gadon da shirin zai same ta ba.

A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Idan hakan ya kai babban asibitin nan, naira 71,000 sun fita daga lissafin cikinta na gaba. Kilomita 47 suna nan, dajin ma yana nan. Har zuwa Fabrairun 2025 fadamar tana hannun ɗan kasuwar hatsi, ya ci albasarta rani biyu, mahaifin ya biya 20,000 daga cikin 60,000. Ƙanwarta mai bi mata, wadda aka aurar a 2024, ta dawo gida goyon ciki a watan da aka yi duba ta ƙarshe, an kuma shirya da wata gwaggo da ke zaune a garin babban asibiti cewa za ta koma wurinta da zarar cikin ya shiga wata tara.